Na Je Bauchi Karɓo Saratu

Asabar: daga ƙauyenmu zuwa Dass

Ƙarfe biyar na asuba na bar ƙauyenmu, a daminar da ta gabaci samun mulkin kai. Babana ya yi mini addu'a a ƙofar gida, na ƙulle takardar sallama a bakin zane, na kama hanya. Takardar asibitin mishan ce, mai shaida cewa na warke daga kuturta. Shekara bakwai na yi a can. Ciwon ya tafi da yatsuna uku na dama, ya kuma raba ni da 'yata Saratu tana wata goma. A lokacin mijina kafinta bai daɗe da rasuwa ba, muna haya a unguwar Wunti cikin Bauchi, gidan Goggo Hajjo, wata Bafulatana Musulma. Ita na miƙa wa jaririyar ina kuka. Yanzu ga ni zan je karɓo ta, in za a ba ni, in kuma yarinyar za ta yarda ni ce uwarta.

Mil huɗu ne zuwa Dass, na isa ƙarfe bakwai. Babbar motar katako ba ta cika ba sai sha ɗaya. Direban, wani dogo mai bakin tsiya, ya ce, "Ke mai mayafi, ƙosan wa kika sata kike ɓoye hannu haka?" Na kwance bakin zane na miƙa masa takardar. Ya riƙe ta a juye, ya yi ta gyaɗa kai kamar alƙali, sannan ya ce, "To, tunda Allah ya warkar, ni wane ne? Hau mu tafi."

Gwallameji

Ƙarfe biyu motar ta kafe a taɓo dab da Gwallameji, lokacin 'yan bukkoki ne da gonakin dawa. Maza suka shiga turi, mu mata muka zauna gindin wata ƙaya a bakin rafi. Ƙananan tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa sun cika rassanta. Can gefe ga wani tsuntsu, bayansa kore shar yana ƙyalli, ƙirjinsa fari, idonsa ja. Wata tsohuwa mai kai daddawa kasuwa ta jefe shi da tsakuwa.

"Marar kunya! Dangin tsuntsun nan ragon maza ne, amma shi ko sheƙa ba ya yi. Sai macen ta faki ido ta saka ƙwai a sheƙar wasu, ta yi gaba abinta. Dubi can!"

Na duba. Wata 'yar tsuntsuwa ce ke ɗura wa wani ƙaton ɗa abinci, ya fi ta girma, ko kama ba su yi ba. Ta je ta dawo, ta je ta dawo. Allah Sarki! Tsohuwa tana ta zagin uwar, ba ta san da ni take ba. Na juya baya na yi kuka mai isata. Amma a cikin kukan na ga abu guda: uwa ta tafi, Ubangiji kuwa bai bar ƙwan ya lalace ba. Na ce, "Yesu, jinƙan da ka yi wa wannan, ka sa in tarar ka yi wa tawa."

Wunti

Ƙarfe biyar muka shiga gari. Goggo Hajjo tana tankaɗe na yi sallama. Ta ɗago, ta daɗe tana kallona, ta ce, "Rifkatu? Ashe rai na nan!" Ni kuwa duk hanya na riga na sa a raina an canja wa yarinyar suna da addini, don wa zai ga laifin mai reno? Sai na ji ta ɗaga murya: "Saratu, kawo wa baƙuwa ruwa." Wata siririyar yarinya mai goshin ubanta ta durƙusa ta ce mini sannu da zuwa. Na karɓi ruwan na sha.

Lahadi

Ƙarfe takwas Goggo ta shafe Saratu da mai, ta ɗaura mata ɗankwali, ta ce in taso. Muka tafi har ƙofar majami'a. Ita ta zauna a kan wani dutse a waje ta ciro carbi. Wata mai aikin coci ta ce mini tun yarinyar tana goye haka Goggo take yi, duk Lahadin duniya.

Da muka fito na ce, "Goggo, me ya sa?"

"Amana kika ba ni, ba kyauta ba," in ji ta. Ta juya ga yarinyar: "Ga wadda nake sa ki yi wa addu'a. Ita ta haife ki."

Saratu ta dubi hannuna, ta koma bayan Goggo ta ɓuya. Gaskiya ko ranar da aka ce mini kuturta ce ban ji zafi haka ba.

Litinin: komawa gida

Da safe na ce, "Goggo, ki riƙe ta. Ke ta sani."

"Kul! Kada in ƙara ji." Ta ɗaure kayan yarinyar, ta ɗaure nata. "Zan je in ga inda za ta riƙa kwana. Mako guda, in dawo."

Mun tashi ƙarfe goma, mun sauka Dass ƙarfe biyu. Duk hanya Saratu tana cinyar Goggo suna ƙus-ƙus da Fulatanci, ni ko kallo ban samu ba. Rana na faɗuwa muka shiga gida. Babana ya durƙusa gaban Goggo da furfurarsa, ita kuma kunya ta sa ta rufe fuska.

Aka kawo tuwo da miyar kuka. Na ɗauki ƙwaryata na koma gindin rumbu, yadda na saba ci ni kaɗai shekara bakwai. Ban kai loma baki ba sai ga ƙananan ƙafafu a gabana. Saratu ta zauna, ta wanke hannu, ta tsoma a ƙwaryata.

"Goggo ta ce 'ya ba ta barin uwarta ta ci ita kaɗai." Ta kalli yatsuna. "Mama, yana yi miki ciwo?"

Na ce, "Ya daina, 'yata."

Na gode wa Ubangiji mai jinƙai da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Goggo Hajjo. Tuwon nan tare muka cinye shi tas.