Muciyar Mashudatu

A unguwar Kasalgu in ka ce kana neman Mashudatu, sai an tambaye ka wacce, domin suna da yawa. In ka ce mai muciya kuwa, ko direban yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da ya shigo Tamale jiya zai sauke ka a ƙofar gidan. Muciyar ta itacen ƙirya ce, ta fi mai ita tsayi da kamu guda, kuma babu macen da ke ɗaga ta da hannu ɗaya. Uwar mijinta ce ta bar mata, haɗe da ƙugiyoyin ƙarfe biyu da ake saƙala wa kunnuwan tukunya a taka da ƙafa don kada ta juya.

Shekara talatin Mashudatu ta yi tana tuƙa tuwon taro. Suna, biki, sadakar uku, sadakar arba'in, duk inda aka ɗora tukunyar nan mai cin rabin buhun gari, ita ake aika wa. Sai ta hau benci, mata biyu su taka mata ƙugiya, ta yi ta juyawa har gumi ya jiƙa mata zani. Ba a taɓa samun gudaji a tuwonta ba. In an watse a ba ta cinyar rago da turmin atamfa, a rako ta har bakin titi. Mijinta, direban tarakta, ya rasu tun tana da sauran ƙarfi. Cikin 'ya'ya biyar da ta haifa ɗaya ne ya rayu, Tahidu, mai gyaran babur a unguwar Gurugu, kuma a gidan ubansa suke zaune shi da matarsa da uwar tasa.

Sai zamani ya zo da shinkafa a cikin farar roba. Kowa ya karɓi tasa ya rataya a babur ya tafi, babu wanke-wanke, babu hayaƙi. Tuwon taro ya koma sai gidajen da ke da dangi a ƙauye, sau ɗaya ko biyu a shekara. Mashudatu kuwa ba ta iya ganin muciyar a jingine tana tara yanar gizo, sai ta shiga nema mata aiki. Da ita take kaɗo mangwaro, da ita take tokare ƙofa in hadari ya taso. Ta gitta ta tsakanin katanga biyu ta yi shanya. Maƙwabta suka ga hanya. Wannan ya ara ya bugi katifa, waccan ta ara ta zungure kwatar da ta toshe, har akuyar da ta faɗa ramin masai da ita aka tallafo. Kuma babu ɗaya cikinsu da ya taɓa dawo da ita a wanke.

Saboda haka in za ta koma tukunya sai an yi kwana biyu ana gyaranta. A kankare da fasasshiyar kwalba, a cuɗe da toka, a jiƙa, a shanya a inuwa don rana tana tsaga ƙirya, sannan a shafe da man kaɗe. Mutuwa kuwa ba ta ba da kwana biyu cikakku. Yau a yi jana'iza, jibi sadakar uku, baƙi sun cika gida. Don haka Mashudatu ta koyi kasa kunne. Da ta ji ciwon wani babba ya yi tsanani, sai ta fara wanki. Ba ta taɓa roƙa wa kowa mutuwa ba. Amma in za a faɗi gaskiya, duk ranar da ta ɗauko kwalbar nan wani abu yakan yi mata sanyi a ƙirji, don ta san za a sake kiran sunanta, kuma ita kanta tana jin kunyar wannan sanyin.

Bana sai Alhaji Issahaku, dillalin shanu da ke gidan da ke kallon nasu, ya dawo daga asibiti ƙafafu a kumbure. Likitoci sun ce a je gida a ci gaba da addu'a, kowa kuma ya san ma'anar haka. Ranar Talata da hantsi Mashudatu ta fito da muciya. Tsakar gidan cike yake da gyaɗar da matar Tahidu ta baza, sai ta zauna a ƙofar gida tana kankara. Tana cikin haka Hawawu, babbar 'yar Alhaji, ta zo wucewa da kwanon koko a hannu, ta ja ta tsaya.

"Mma Mashudatu, biki ne za a yi?"

"A'a, 'yata. Datti ne ya yi yawa. Yaya jikin Alhaji?"

Hawawu ta dubi muciyar tun daga kai har gindi. "Baba na bai mutu ba tukuna," in ji ta, ta shige gida ba ta amsa gaisuwar ba.

Ranar Alhamis bayan azahar Alhaji ya cika. Kafin a dawo daga maƙabarta unguwa ta gama lissafi. Wata ta tuna an ga muciyar a shanye kwana biyu kafin rasuwar liman. Wani ya ce haka aka yi lokacin tsohuwar gidan mai burodi. Ƙanen mamacin ya rantse cewa Alhaji cikin zafin zazzaɓi ya ce yana ganin mace tana tuƙa masa ciki. Sai aka tuno 'ya'yanta huɗu da suka mutu, aka tuno mijinta, aka ɗora mata duka. Matar da ta zungure kwata da muciyar a watan jiya ita ta fi kowa ɗaga murya, tana cewa dama ita tun da ta taɓa icen nan hannunta bai sake daidai ba. Kalmar mayya ba ta wuce minti goma ba ta zagaye Kasalgu.

Ranar Juma'a babu babur ko ɗaya da ya tsaya a rumfar Tahidu. Da ya dawo ya tarar samari sun yi wa rufin gidan ruwan duwatsu, matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu. Dattawa suka kira shi, suka ce su ba su ce ta yi ba, ba su ce ba ta yi ba, amma ba za su iya tare matasa ba. Akwai ƙauyen da ake kai irin waɗannan tsofaffi, can bayan gari da nisa, a zauna ƙarƙashin mai tsafin wurin. Su a ganinsu gara a kai ta da an gama sadakar uku.

Tahidu ya shiga ɗakin uwarsa, bai zauna ba.

"Mma, gobe zan kai ka wani wuri. Ka huta kaɗan, sai gari ya yi sanyi."

"A ɗakin nan na haife ka, Tahidu."

"Na sani. To me ya sa ka wanke abin a waje? Kastoma duka sun gudu. Yara na fa, su ci mene?"

Ta buɗe baki za ta yi masa bayanin gyaɗar, ta ga ba ya son ji. Ya fita ya sa wa ƙofar kwaɗo ta waje, wai don kada samari su shigo.

Asabar da safe gidan Alhaji ya cika maƙil. Makiyayan da ya yi shekaru yana sayar wa shanu sun zo daga rugage, dangi sun zo daga ƙauyuka mota-mota, mutanen da in ka miƙa musu shinkafa a roba za su tafi suna cewa an wulaƙanta su. Dole a yi tuwo. Aka aiko aka ɗauki muciyar, ga ta fes, tana ƙamshin man kaɗe, babu wanda ya ce a ƙone kayan mayya. Mata uku suka hau benci ɗaya bayan ɗaya suka sauko suna riƙe da kugu. Wani ƙato ya karɓa yana dariya, ya juya sau biyar, tukunya ta karkace ta kusa kifewa. Ƙasan tuwon ya fara kamawa, ƙauri ya tashi, sama kuma gari ne tsagwaronsa.

Hawawu da kanta ta zo, Tahidu ya buɗe mata kwaɗon.

"Tashi ka zo ka tuƙa," ta ce, babu sallama, babu Mma. "Ta baya za ka bi. Kada baƙo ko ɗaya ya gan ka."

Mai zuciya zai ce ta ƙi, kuma da ta ƙi ɗin da na fi jin daɗin ba da labarin nan. Amma Mashudatu ta ɗaura ɗankwali ta bi ta. A ranta tana ganin in tuwon ya yi kyau, in suka ga mutum ɗari uku sun ci sun tashi lafiya, wani zai ce a bar tsohuwar nan ta zauna a ɗakinta.

Aka kafa zana aka kare murhun. Babu macen da ta yarda ta taka mata ƙugiya, sai ta sa aka danne su da bulo. Ta yayyafa ruwan zafi, ta fasa gudajin ɗaya bayan ɗaya a jikin tukunya, ta bi gefe, ta ɗago ƙasa, ta yi ta tuƙi. Shekararta sittin da bakwai, kuma rabonta da abinci tun daren Alhamis. Tafin hannunta ya yi bororo, bororon ya fashe, ba ta tsaya ba sai da tuwon ya yi sumul yana numfashi.

Hawawu ta yanko malmala ɗaya ta ajiye a murfin roba a ƙasa. "Ci mu gani tukuna."

Mashudatu ta durƙusa ta ci, gaya, babu miya, mata sun kewaye ta suna kallon maƙogwaronta. Suka jira kamar minti goma. Da suka ga ba ta faɗi ba, aka shiga kwasa. Daga bayan zana tana jin baƙi suna santi, wani tsohon makiyayi yana tambaya wace mai albarka ce ta tuƙa wannan. Hawawu ta ce masa wata ce aka ɗauko daga Gurugu.

Ana la'asar yalo-yalo ya tsaya a bayan gidan. Tahidu ya riga ya ɗaure mata kayanta a buhu ɗaya, da tabarma da bokiti. Ta duba ko wani dattijo zai fito ya ce wani abu. Duk suna ƙarƙashin rumfa suna wanke hannu.

"Muciyata fa?"

"Gidan Alhaji sun ce a bar shi nan."

Ta shiga ta zauna, buhun a cinyarta. Shi bai shiga ba, ya yi wa direban kwatance ta taga, ya ce wani zai tarye ta a can.

"Tahidu, yaushe za ka zo ka ɗauke ni?"

Ya dubi tayar yalo-yalon. "Ranar arba'in. Sun ce a kawo ka da safe, kafin la'asar a mai da ka."

Direba ya tayar da inji. Hanyar duk ramuka ce, ta kai hannu za ta riƙe ƙarfen gefe, tafin ya ƙi rufuwa, sai ta rungume buhun.