Dokin da Salihu Ya Saya da Rani

Salihu Sodangi mijin yayata ne, kuma na yi shekara biyu ba na amsa sallamarsa sai da fatar baki. Zan faɗi dalili, domin mutanen ƙauyenmu yanzu sun iya yabonsa, sun manta abin da bakinsu ya riƙa faɗa a da.

A kambo aka haife shi, cikin bukkokin 'yan ƙwadago da ke gefen gonakin Jazira, wajen Wad Madani. Kakansa ya baro Sakkwato da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya tsinkar auduga don ya sami guzuri, tsayawar da bai ƙara gaba ba ke nan. Salihu ya gaji tsinkar, bai gaji ko kunya ɗaya ta gona ba. Ya yi wa mutane noma da ban-ruwa har furfura ta fara leƙo masa, sannan ya auri yayata Talatu ya dawo wurinmu, tsakanin Suki da Dindir. Burinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya sha shayi da shi sau ɗaya ya san shi: ya mallaki doki da karo, wato keken da doki ke ja, ya daina sunkuyawa a gonar wani.

Ya samu kuwa. Ya sayi wani baƙin doki a hannun makiyayan da suka gangaro daga ƙasar fako, ya sa masa suna Akawal. Ya duba haƙora, ya duba kofato, ya hau ya gwada gudunsa. Abu ɗaya ne bai duba ba, domin da rani ya yi cinikin. Tsakaninmu da titin Dindir akwai kor, ƙoramar da ba ta kawo ruwa sai da damina. A lokacin yashi ne zalla, Akawal ya ratsa ta yana kaɗa wutsiya. Mutumin da ya girma a bakin magudanan ruwa bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai dokin da bai san ruwa ba sai a bokiti.

A tsakiyar daminar nan kububuwa ta sari Talatu a idon sawu, tana ciyawa a gonar riɗi da safe. Idan lakar ƙasarmu ta jiƙu, babu motar da ke shigowa. Muka kwantar da ita a karo, da hantsi muka isa bakin kor. Ruwan bai wuce cinya ba. Akawal ya kafe ƙafafu, ya buɗe hanci, jikinsa na ɓari. Salihu ya ja, ya lallasa, ya dawo ya sa bulala. Ya ɗaure masa ido da rawani, dokin ya yi tsaye da ƙafar baya har ya kusa kifar da yayata.

Na ce, “Yaya Salihu, halas, ya isa haka. Dokinga ba ya shiga. Mu ɗauke ta bisa kai.”

Ya ce, “Shina shiga, Hamid. Minti biyar bas.”

Minti biyar ɗin nan ya ja mu har azahar. Talatu tana kwance, ƙafa ta kumbura, jini na tsattsafowa daga dasashinta, amma abin da ta iya faɗa shi ne, “Malam, bar bugun shi. Tsoro shika ji.” Sai a lokacin ya yarda. Mu huɗu muka ɗauke ta a kan gado, muka ratsa ruwa, muka shiga laka. Tafiyar da doki ke yi cikin awa guda ta cinye mana yini. Muna hango motoci a kan titi ta cika.

Kowa ya ce ya sayar da dokin. Ni cewa na yi ya harbe shi, kuma har yau ban ji kunyar faɗar haka ba. Salihu bai sayar ba, bai harbe ba. Ranar sadakar bakwai ya karya bulalarsa ya sa a murhu, washegari ya fara abin da ƙauye ya kira hauka.

Da farko jarkar ruwa yake tuttulewa a ƙofar turke, ya ajiye dawa a ɗaya gefen, ya koma ya zauna. Akawal ya yi kwana uku yana kallon dawar kafin ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa. Daga nan sai ƙaramin lambatu, sai magudanar gona wadda akuya ma ke tsallakewa. Ya ari tsohon jakin maƙwabci yana sa shi gaba, don dokin ya ga ruwa bai haɗiye jaki ba. Da damina ta wuce, kor ta ƙafe, ya riƙa tafiya da shi babbar magudanar Suki. Shi zai shiga ruwa har ƙirji, ya juyo yana fuskantar dokin, dawa a tafin hannu, igiya a sake. Bai ƙara jan ta ba ko sau ɗaya. Haka zai tsaya awa biyu yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. A nan ya kwaso tsargiya, ya rame, wuyansa ya zama kamar na zakara.

Mutanenmu kuwa ba a bar su a baya ba wajen dariya. Alhaji Abdussalami mai kanti, wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi ba, shi ne ya fara cewa Salihu ya rasa mata ya auri doki. Na ji, na yi dariya tare da su. A da ni da Salihu abokan wasa ne, kamar kowane miji da ƙanin matarsa, amma tun ranar kor ban sake tsokanarsa ba sai a bayan idonsa.

Damina ta uku, ruwa ya fi na waccan shekarar, ciwon ciki ya murɗe Hanaa, 'yar Alhaji Abdussalami, har ta daina gane mutane. Da rana tsaka Alhaji ya zo ƙofar Salihu babu takalmi, yana kiransa ɗan'uwa. Salihu ya tashi ya ɗaura wa Akawal karo. Ya aiko a kira ni in riƙe yarinyar tare da uwarta. Na je, kuma gaskiya ba don taimako kaɗai na je ba. Ina so in ga dokin ya sake kafewa, kowa ya san ni ne mai gaskiya.

A bakin kor Salihu ya sauka, ya shiga ruwa har ƙugu, ya juyo. Akawal ya sunkuyar da kai ya shinshina, ya ɗaga kunne, ya bi shi. Ruwa na dukan ƙafafun karo, dokin bai ko waiwaya ba. Kafin la'asar Hanaa tana hannun likita a Dindir, yau ga ta nan da 'ya'ya biyu.

A ƙofar asibiti Alhaji ya riƙe hannun Salihu yana ta sa albarka, yana rantsuwa babu doki irin Akawal daga nan har Madani. Salihu ya zare hannunsa, ya zo ya zauna kusa da ni a gindin bango, wandonsa bai gama bushewa ba. Ya fito da tsohuwar wayarsa daga hula, inda ya ɓoye ta don kada ta jiƙe, yana jujjuya ta.

Ya ce, “Na duba sa'a da muka shiga, na duba da muka hito.”

Ya mayar da wayar cikin hula, ya juyo ya dube ni.

“Minti huɗu, Hamid. Ruwanga duka minti huɗu na.”

Na so in ce masa Allah ya riga ya ƙaddara, kamar yadda ake faɗa. Bakina ya ƙi. Talatu ta yi awa uku a bakin ruwan nan, ni na riƙe mata kai.