Liƙin Nomau da Bidon Kande

Nomau mai liƙi shekara ashirin yana zama a gindin wata bishiyar bedi a Damagaram, yana toshe hujin bokiti da na bido, wato jarkar ruwa. Da na dawo daga karatu a Dakar na zauna kusa da shi don in ga yadda yake aiki. Tsoffin takalman roba yake narkarwa a kasko. Sitacin rogo kuwa sai ya dafa shi da ɗigon man gyaɗa har ya yi danƙo, ya shanya, sannan ya murza kaɗan cikin robar a kan wuta marar ƙarfi. Liƙinsa yakan lanƙwashe, ba ya tsagewa.

Da aka yi fari a 1984, rogo da mai suka koma tukunyar gidansa. Sai ya riƙa sharo ƙurar gari a injin niƙa, ya zuba ta ɗanya cikin roba mai tafasa. Na ga liƙin yana kumfa.

"Baba Nomau, wannan zai sha ruwa ya kumbura," na ce.

"Ɗan boko, ka taɓa ganin roba na jin ƙishirwa?" Ya yi dariya, amma bai dube ni ba.

Ran nan Kande ta zo daga Dakusa da bidonta guda, ya huje a gindi. Rijiyarsu ta ƙafe, wadda ta rage tafiyar rabin yini ce, mijinta kuma yana kwance ba lafiya.

"Baba, zai riƙe?"

"Har jikokinki, 'yar nan."

Liƙin ya riƙe kwana uku. A na huɗu ta sauke bidon a hanya ta huta. Liƙin ya riga ya jiƙe, yana warin ƙullu. Awaki masu yunwa suka ji warin, suka gwaguye shi kafin ta farga. Ruwan ya tsiyaye cikin rairayi, ta isa gida da bido babu komai. Mijin bai kai Juma'a ba.

Bayan takaba ta dawo, ta ajiye bidon a gabansa. Nomau ya juya shi, ya shafa gurbin haƙoran da yatsa.

"Ni roba na liƙa miki, ban ce ki yi kiwo da ita ba."

Masu sayar da tasa suka kwashe da dariya. Duk layin babu wani mai liƙi sai shi.

"To, a sake liƙa mini," ta ce.

Ya miƙa hannu ya ɗebo ƙurar gari.