Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da wani abokin aikina, cikin sabuwar kunkuruna wadda ko ledar kujerunta ban cire ba. Ba yawo ya fito da ni ba. Ana gobe za mu tashi wani direban tifa ɗan garinmu ya biyo ta ofis, ya ce mini mai cire yanar ido ya sauka a ƙauyenmu, can bayan Kusada, kuma mahaifina, Malam, ya riga ya yi masa alkawarin za a yi aikin washegari bayan azahar. Irin masu allurar nan ne da ke bin ƙauyuka. Irin allurarsu ce ta tafi da idon Malam na hagu shekarun baya. Na dama kaɗai ya rage, shi ma yanar ta lulluɓe shi har ya daina ganin rubutu a takarda. Niyyata in isa kafin a taɓa shi, in ɗauke shi zuwa asibitin ido a Kano.

Ga wanda bai san kunkuru ba, ƙaramar motar nan ce ta Jamus mai doro, wadda ta cika gari tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Malamin makaranta, akawun kotu, malamin gona irina, kowa ita yake iya saya. Injinta a baya yake, akwatin kaya a gaba, kuma ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta. Wannan na ƙarshe shi nake ta yi wa mutane alfahari da shi, ban san shi zai kusa kashe mini tafiya ba.

Abokin nawa ya riga ni mallakar irinta, har ya sayar, don haka ya ɗauki kansa limamin masu kunkuru. Mutum ne mai jiki, idan ya shiga sai motar ta karkata. Tun kafin mu wuce Charanchi ya hana ni taka ta, wai sabon inji ba a matsa masa. Ni ina kallon rana tana hawa, shi yana ba ni tarihi. Ya ce tun kafin yaƙin duniya aka ƙera ta don talakan ƙasar ya samu abin hawa, mutane suka yi ta zubi kamar adashi, sai yaƙi ya ɓarke, masana'antar ta koma yi wa soja aiki, masu zubi ko ƙofar mota ba su gani ba. Bayan yaƙi aka share kango aka sake tayar da ita, ta bazu duniya, ga shi yanzu har a Ikko ake haɗa ta. Labari ne mai daɗi, amma wallahi rabinsa kawai na ji. Ina ta lissafin ko an riga an shimfiɗa wa Malam tabarma.

Hanyar Katsina zuwa Kano kwalta ce, sai dai siririya, kuma manyan motocin siminti sun cinye gefenta. Damina ta yi kyau bana, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama. Allurar mai kuwa tana ta sunkuyawa, don na zagaye Katsina ban samu ko ɗigo ba. Ƙasar da ake haƙo mai, amma sai ka yi layi kamar mai neman ruwa a rijiyar rani.

A Kankiya muka tarar da layin. Mai famfo ya ce tanka tana hanya, kowa ya yi haƙuri. A nan na ga abin da ban sani ba, ashe masu kunkuru dangi ne. Muna tsayawa mutum uku suka taso, kowa da tasa, aka gaisa kamar an daɗe da sanin juna. Wani malamin asibiti ya ce tasa ta ratsa rairayin hanyar Sukuntuni inda babbar mota ta kafe. Wani akawu ya ce shi ƙararta ce ta dame shi, tun yana bakin gari matarsa ke ɗora ruwan wanka. Na ukun, wani tela, ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura in sa mai nauyi a kujerar baya, batir yana ƙarƙashinta, shi surukinsa ya taɓa zama sai ga hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin babbar riga. Duk muka juya muka kalli abokina. Bai yi dariya ba.

Muka karya da ƙosai da koko a bakin tasha. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya hau, mai tuya ta ce laifin masu albashi ne, mu muka ɓata kasuwa. Ban yi musu ba. Na kasa zama, in je bakin titi in leƙa, in dawo, in sake komawa. Sai da hantsi ya yi sosai tankar ta iso, aka dinga murɗa famfon hannu galan bayan galan, ni kuwa ji nake kamar in karɓi mariƙin in murɗa da kaina.

Daga Kankiya muka nausa wajen Yashe, sannan muka bar kwalta muka kama hanyar Kusada. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, hanyar duk taɓo da kwari. A nan dai kunkuru ta biya kuɗinta. Nauyin inji yana kan tayoyin baya, sai ta dinga tura kanta tana wutsil-wutsil tana fita. A wani rafi ne kawai ta tsaya cak, dole abokina ya sauka, ya naɗe wando, wasu makiyaya biyu da ke shayar da shanu suka kama mana. Da muka haye, ɗayansu ya ɗebo ruwa a ƙwarya zai zuba mata, don ya saba ganin direbobi suna yi. Na ce masa ba ta sha. Ya dube ta, ya dubi shanunsa, ya ce to wannan da ta zo shekarar fari da ta yi daraja.

Ana kiran azahar muka shiga ƙauyenmu. Ina tsayawa a ƙofar gida na hango abin da nake tsoro: sabuwar tabarma a inuwar ɗorawa, da wani baƙo mai jakar fata zaune yana jira. Na fito daga mota da sauri. Malam yana zaure. Na faɗa ciki, na durƙusa, ko gaisuwar kirki ban gama ba na fara zuba, Kano, likita, mota tana waje, a tashi yanzu. Inna, mahaifiyata, ta aiko da ruwa a kwanon sha, na ture shi gefe na ce sai anjima.

Malam ya miƙe. Ya dafa sanda ya fito. Al'adarsa ce tun muna yara, duk baƙon da ya zo bisa jaki ko doki ko raƙumi, sai an shayar da dabbar daga rijiyar gidan kafin a saurari abin da ya kawo shi. Ya bi motar da tafin hannu tun daga gaba har baya, ya ji ɗumin inji, ya ce, "Ta sha tahiya. A kawo mata ruwa."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan ba ta shan ruwa. Ko Makka za ta je ba ta buƙata."

Ya janye hannunsa. Ya ce, "Ba ta sha? To abin da bai sha ruwan gidana ba, mi ya haɗa ni da shi? Ba amana tsakaninmu. Ta yi gadon mai ita, shi ma na ji ya ture kwano." Ya juya ya nufi masallaci, yana cewa a gaya wa baƙo ana idar da salla za a fara.

Jama'a, ban taɓa jin na tsani wani abu nawa kamar yadda na tsani motar nan a lokacin ba. Na san Malam, idan ya faɗi magana a gaban mutane ba ya janye ta don an yi masa magiya. Na yi sallar nan ne kawai, Allah ya karɓa, amma zuciyata tana kan jakar fata.

Muna fitowa abokina ya sha gaban Malam, ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗanka sabon shiga ne, bai san dabbarsa ba. Tana sha." Ya kama hannun Malam ya kai shi gaban motar, ya ɗaga murfin akwatin kaya. Mutanen da suka taru suka yi salati, wani ya ce an sace inji. Bayan tayar safaya akwai wata 'yar tankin roba, wadda ni kaina ban taɓa buɗewa ba. Abokina ya kwance murfinta, ya ɗora yatsun Malam a bakin, ya ce a miƙo buta. Malam da kansa ya tsiyaya, yana kasa kunne yana jin ruwan yana sauka. Aka rufe, aka mayar da igiyar iskar da ke tura ruwan daga safaya. Abokina ya ce in shiga in danna. Ruwa ya yi tsartuwa a kan gilashi, waifa ta share taɓon hanya, feshin ya taɓa fuskar Malam.

Ya ce, "Mi ke nan? Ta tofar?"

Abokina ya ce, "A'a, Malam. Ba cikinta take kaiwa ba. Ido take wankewa da shi. In ba a wanke mata ba, ba ta ganin hanya."

Malam ya daɗe tsaye, hannunsa a kan jiƙaƙƙen gilashi. A wajenmu aikin cire yana da ake yi a asibiti wankin ido ake ce masa, kowa a wurin ya san haka. Ni dai na koma zaure da sauri, na ɗauko kwanon nan na Inna, na tsuguna a gabansa na shanye tas, yadda zai ji ƙarar maƙogwarona. Sai ya ce, "To. Ta sha, ka sha. A sallami baƙo da alheri, a ba shi goronshi, bai yi mamu laihi ba. A ɗauko mani buzuna."

Malam ya zauna gaba. Abokina ya shiga baya, gefen da ba batir, ya rungume buzu da butar, gwiwoyinsa har haɓa. Muka fito kwalta muka miƙe ta Tsanyawa da Bichi. Duk garin da muka ratsa sai Malam ya tambayi sunansa, ya ce ya taɓa kwana nan da ƙafa zamanin neman karatu. Abokina ya sake ɗauko tarihin mota daga farko, wannan karon ya samu mai saurare. Da ya zo wurin masu zubin da ba su samu komai ba, Malam ya ce Allah ya saka masu.

Kano ta cika ta batse, motoci kamar a yi kuka, kuma kusan kowace ta uku kunkuru ce. A asibiti aka duba, likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa za a gwada. Abokina ya koma bakin aiki a motar haya, ni na zauna. Aka yi aikin, aka naɗe kan Malam, aka hana shi ko tari mai ƙarfi. Kwanakin nan na auna barandar asibitin da ƙafa har masu shara suka san ni. Tsoro nake ji ƙwarai, don idan abin bai yi ba, ni ne na raba shi da alkawarinsa na kawo shi.

Ranar da aka sallame mu aka ɗora masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya fito yana taka ƙasa a hankali, ya dubi sama, ya dube ni, ya ce na yi furfura ban gaya masa ba. Na nuna masa motar. Ya zagaye ta sau ɗaya, ya tsaya, ya ce, "Wagga ce? Kai, Allah ya yi mummunar dabba." Na yi dariya har hawaye suka zubo, kuma ba duka na dariya ba ne.

Komawa ban yi sauri ba. Mun tsaya a Yashe muka sayi fura da nono wajen wata Bafulatana, Malam ya ƙura wa ƙwaryar ido yana yaba zanen da ke jikinta. A hanyar Kusada ya dinga gaya mini gonar wane ta yi kyau, ta wane tana son noma. Muna isa gida, kafin ya shiga wajen Inna, kafin ya buɗe littafi, ya ce a miƙo buta.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Na san yanzu inda batir yake, na san ba a fita da rabin tanki, na kuma san cewa duk saurin da kake yi, idan aka miƙo maka ruwa a gidanku ka tsaya ka sha. Na dawo Katsina lafiya. Tankin wanke gilashin har yanzu ruwan rijiyarmu ne a ciki, kuma Malam ya ce idan ya kusa ƙarewa kada in zuba na famfo, in kawo ta gida.