Hatimin Gidan Masu Awara

Shekara talatin da ɗaya ke nan bango ɗaya ne tsakanin shagon ɗinkina da gidan masu awara, bangon kuma na katako ne. Saboda haka yawancin abin da zan ba ku labarinsa da kunnena na ji shi, ko ina so ko ba na so.

Fumie Kuwahara ita ce uwargidan. 'Yar masunta ce, a bakin tashar jiragen kamun kifi ta tashi, gajeriya mai faɗin kafaɗa, muryarta irin ta wanda ya saba yin magana iskar teku na kaɗawa. Mijinta Shinzo shi ya gaji sana'ar wurin mahaifinsa. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron kada ya tashi awarar daga barci. Ita ke jiƙa waken suya ta niƙa tun da asuba, shi kuma ya dafa, ya tace, ya zuba ruwan ɗaci ta kama jiki, ya danne ta a akwatin katako. Da la'asar Fumie ta hau keke ta zaga gari tana busa ɗan ƙahonta na tagulla, mata su fito da kwanuka.

Ban taɓa jin sun yi sa-in-sa a kan tarbiyyar 'ya'ya ko a kan dangi ba. Abu ɗaya ne ke haɗa su faɗa, shi ne Rinzo Sakoda.

Sakoda ɗan garinmu ne, shi ne kaɗai abin da muka taɓa fitarwa wanda ba kifi ba. Yana saurayi suka kafa ƙungiyar kiɗan rok, mai ƙarar ganga da jitar lantarki, shi da abokansa uku a tsohon ɗakin ajiyar ƙanƙara na bakin tasha, suka sa mata suna Gishiri da Tsatsa. Cikin shekara bakwai suka fitar da faifai biyar, ƙasar nan kaf ta san su, sannan rana ɗaya suka watse. Sakoda ya ajiye jitar lantarki ya ɗauki ta katako, ya ci gaba shi kaɗai, yana waƙar ruwan sama da tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa da hannun mahaifiyarsa. Faifansa na shi kaɗai sun kai goma sha tara.

Fumie tana da shekara goma sha tara ta shiga ɗakin ƙanƙarar nan ta ga su huɗun suna kiɗa. A cikin turereniya takalminta ɗaya ya ɓace, ta koma gida da ƙafa ɗaya a ƙasa, mahaifinta ya yi mako bai yi mata magana ba. Har yau kunnenta na hagu ba ya ji sosai, kuma tana faɗin haka kamar mai nuna lambar yabo. A wurinta, ranar da ƙungiyar ta watse ranar Sakoda ya yi ritaya, duk abin da ya biyo baya tari ne kawai na mutumin da ya ƙi barin dandali. Takan ce mai gangar ƙungiyar shi ne ƙashin bayan komai, da aka cire shi sai Sakoda ya zama kamar awarar da ba a danne ba, ga fari ga laushi, amma ba ta ɗaukuwa da hannu.

Shinzo kuwa daga baya ya san shi, a shekarar da mahaifinsa ya kwanta ciwo ya bar masa tukunya shi kaɗai da rediyo. Shi a ganinsa, a zamanin ƙungiya ba wanda ya taɓa jin abin da Sakoda ke faɗa, samari huɗu ne kawai kowa na ƙoƙarin danne ɗan'uwansa. Sai da ya rabu da su aka gane ashe mutumin yana da murya, har yana da abin cewa. Kuma faifai goma sha tara, in ji shi, sun fi biyar ko a wurin ɗan aji ɗaya.

Da daɗewa suka sami yadda za su zauna da juna. Lokacin niƙa na Fumie ne, ta sa kaset ɗin ƙungiya ta ƙure, inji na ƙara, ganguna na ƙara, allurai na rawa a cikin gwangwanina. Lokacin dannewa na Shinzo ne, sai ka ji jitar katako tana ɗigowa ta bango kamar ruwan indararo. Ni ko agogo ban cika dubawa ba. In na ji an koma jitar katako, na san bakwai ta yi, in ɗora shayi.

To ana nan sai ofishin gari ya yanke shawarar canza kiɗan ƙarfe biyar, wanda lasifikokin kan turaku ke sakawa kullum don yara su bar wasa su koma gida. Aka ce tunda muna da namu mawaƙin, a sa waƙarsa. Aka ware biyu: "Injin Jirgi" ta zamanin ƙungiya, wadda ko jariri ya sani, da "Hanyar Tudu" ta zamaninsa shi kaɗai. Za a zaɓa ta allon sanarwa, wannan da ke zagaya unguwa gida-gida, kowa ya karanta ya buga hatiminsa ya miƙa wa maƙwabci. Takardar ta zo da layi biyu, kowane gida ya buga a ƙarƙashin waƙar da yake so. Gida ɗaya, hatimi ɗaya.

Ranar Litinin da safe allon ya shiga gidan Kuwahara. Daga su sai ni, bayana kuma akwai gida goma sha huɗu. Fumie mace ce da ba ta taɓa barin allo ya yi awa ɗaya a hannunta ba, sau da yawa jan tawadar bai bushe ba take turo min shi da jiƙaƙƙen hannu. Ranar nan har rana ta faɗi allo bai iso wurina ba.

Talata da hantsi sai ga Shinzo a shagona, wai maɓallin rigarsa ya yi sako-sako. Na duba maɓalli lafiyarsa ƙalau. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya roƙe ni, idan matarsa ta zo aron tawadar hatimi, in ce tawa ta bushe. Ashe ita ta riga ta ɗauke hatimin gidan ta zura a aljihun rigar aikinta, shi kuma ya ɓoye tawadar, ya ɗora allon a saman kabad inda hannunta ba ya kaiwa ko ta taka kujera. Bai yi minti goma da fita ba sai ga Fumie ta shigo.

"Ya riga ni, ko?" ta ce, tana kallon kujerar da ya tashi a kai.

Na ce ni dai maɓalli aka kawo min.

"Maɓalli! Mutumin da ni ke ɗinka masa maɓalli shekara arba'in da uku."

Laraba shugaban unguwa, dattijo Oniki, ya zo gidan masu awara da kansa. Bai ambaci allo ba ko sau ɗaya. Ya sayi awara guda biyu, ya yaba yanayi, ya ce bana komai yana tafiya a hankali, har furen bakin kogi ya makara, amma dai ai komai yakan iso inda za shi kafin Juma'a. Ya sunkuya ya tafi. A layinmu, da a ce maka haka gara a tsaya a tsakiyar titi a kira sunanka.

Ranar ce na ji faɗansu mafi tsawo. Ta ce ita ta ba da kunne guda a kan waƙar nan, shi me ya bayar? Ya ce shi ya ba da kunne biyu, kullum da asuba, shekara arba'in da uku, ba tare da an tambaye shi ba. Ta ce "Hanyar Tudu" in aka sa ta a lasifika har kifin teku sai ya yi gyangyaɗi. Ya ce to ai gara gyangyaɗi da a ɗauka gobara ce ta tashi.

Alhamis da ta gama niƙa ta cire rigar aiki, ta sa rigar fita, ta hau keke sai ofishin gari. Niyyarta ta gaya musu cewa gidan da ke da mutum biyu masu kunne daban-daban ya kamata a ba shi gurbi biyu. Ma'aikaciyar da ta same ta, wata mai haƙuri da ake kira Sayuri, ta ba ta haƙuri ta ce ƙa'ida ce, gida ɗaya hatimi ɗaya, ko kuɗin shara ma haka ake yi. Amma don ta sanyaya mata rai ta ce ko za ta so ta ji yadda waƙoƙin za su fito a lasifika, ai an riga an shirya su.

Abin da Fumie ba ta taɓa kawowa a ranta ba ke nan. Ita a zatonta waƙar za a sa yadda take a faifai. Ashe lasifikar ƙarfe biyar ba ta ɗaukar murya ko ganga ko jita, amon ƙararrawa ne zalla, ɗaya bayan ɗaya, na daƙiƙa arba'in. Sayuri ta danna "Injin Jirgi". Da aka cire gangar, aka cire kururuwar Sakoda da gurnanin jitar nan, abin da ya rage sauti uku ne kacal suna ta maimaita kansu, tin, tin, tan. Fumie ta ce min daga baya, sak ƙarar da injin wankinta ke yi idan ya gama. Ta sa aka sake sakawa, ta juya kunnen dama, bai canza ba. Sannan aka sa "Hanyar Tudu", ita kuwa ta fito cif, ta hau ta sauka kamar dama don ƙararrawa aka yi ta.

Ina kan keken ɗinki na ga ta dawo ta jingine kekenta ba ta ko kafe shi ba. Ta leƙo ta ce in zo da tawadata in zama shaida. Na bi ta.

"Baban yara, sauko da allon."

Shinzo ya dube ta, ya dube ni, ya ce sai ta faɗi inda za ta buga.

"Sauko da shi, ko in kira dattijo Oniki ya sauko da shi."

Ya miƙa hannu ya sauko da shi, yana riƙe da gefe ɗaya bai saki ba. Ta ciro hatimi, ta dangwala a tawadata, ta hura masa iska, ta danna shi da ƙarfi a ƙarƙashin "Hanyar Tudu". Shinzo ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ashe dai kin gane," ya ce a hankali, cike da murna.

"Na gane mana. Waƙar da ake korar yara gida da ita ake nema, taka kuwa ba ta da na biyu a wannan aikin. Tawa ba za a yi mata tsirara a kan turaku kullum ba ina raye."

Ta miƙo min allon tawada ba ta bushe ba.

To shi allon nan kowa yana ganin inda na gabansa ya buga. Gida goma sha huɗun da ke bayana duk sai da suka tsaya a kan hatimin Kuwahara, don babu wanda bai san labarin takalmin nan ba. Wasu suka ɗauka kuskure ne, har matar mai gyaran keke ta zo tambaya ko Fumie ba ta da lafiya. Ita kuwa ba ta tsaya nan ba. Sauran unguwannin suna da mako guda, sai ta mai da zagayen la'asar yaƙin neman zaɓe. Duk wadda ta fito da kwano, sai Fumie ta ɗaga ƙahonta ta busa mata sauti ukun nan, tin, tin, tan, ta ce to abin da za ki ji ke nan har ki mutu in kika zaɓi "Injin Jirgi", in kina ƙaunarta ki ƙyale ta. Tsofaffin masuntan da suka yi rawa a ɗakin ƙanƙara su ta fi bi, kuma su suka fi saurin yarda.

Da aka ƙirga, "Hanyar Tudu" ta ci da tazarar gida sittin da wani abu. Oniki ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi wa abin da ba ya so aiki haka ba.

Ranar farko da za a sa ta, Shinzo ya yi wanka tun ƙarfe huɗu, ya sa rigar da yake zuwa biki da ita, ya tsaya a ƙofar shago hannu a baya. Biyar na cika ta taso daga turken bakin gada, na makaranta ya amsa, na tasha ya biyo baya kaɗan a makare. Gaskiya ta yi daɗi. Yara suka fito daga filin wasa suna tafiya gida. Daidai nan Fumie ta shawo kwana a kan keke, akwatin awara ya kusa ƙarewa.

"Kin ji ta?" ya tambaye ta.

"Na ji. Ka ga yadda suke gudu kuwa?"

Yanzu shekara biyu ke nan. Da asuba inji na tashi gangunan Gishiri da Tsatsa ke tashi, ƙarar ma ta ƙaru, wai tana rama wa waƙarta. Shinzo bai fasa fitowa ƙofa ƙarfe biyar ba, ko ana ruwa. Ran nan na shiga karɓar awarata, na tarar da Fumie tana wanke akwatunan katako tana bin "Hanyar Tudu" da hanci, tun daga farko har ƙarshe ba ta kuskure ko wuri ɗaya ba. Da ta gan ni ta tsaya, ta ce laifin lasifika ne, abin da ake ɗura wa mutum kullum dole ya maƙale. Sannan ta ƙara min guda ɗaya a kwano, ta nuna ɗakin da Shinzo yake da haɓa, ta ce in na gaya masa, daga gobe in nemi mai sayar min da awara.