Kwalaben da Iya ta Wanke

A shekarun da ake ta zancen gina madatsar ruwa can sama, aka tura mu koyon aiki Haɗeja da damina, ni da wani abokin karatuna ɗan Filato. Aikinmu shi ne mu bi kogin Haɗeja da rassansa muna ɗibar ruwa a kwalabe, mu liƙa wa kowace takardar inda muka ɗebo ta, a kai Kano a auna. Ban taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. An ba mu takalman roba har gwiwa, muna tafe muna taƙama sai ka ce mu muka haƙa kogin. Mu zame a taɓo mu tashi muna ƙyaƙyatawa. Ran da matsattsaku ya kama abokina a ƙauri, ya dinga tsalle yana kiran uwarsa da yarensu, ni kuwa har ƙasa don dariya.

Shi fa ba wasa zalla ya zo yi ba. Ya taɓa fasa akwatin kwalabe guda a Miga, injiniyan da ke duba mu ya ja masa kunne: in kwalaben wannan karon ba su cika ba ranar da motar kai su Kano za ta zo, ba zai sa masa hannu ba, sai ya maimaita shekara. Don haka lallaɓa su yake kamar ƙwai.

Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne a wani ƙauye kusa da Auyo, muna ce mata Iya. Tuwon shinkafa da miyar kifi take ɗura mana, tana mitar ba ma ci.

Ana gobe motar za ta zo, muka jera kwalaben a zaure, muka tafi kallon masunta suna yawo kan gora. Muna dawowa da la'asar muka tarar da kwalaben a inuwa suna ƙyalli, babu takarda ko ɗaya, ruwan ciki garai-garai.

Iya ta fito tana gyara ɗaurin zane. "Samari, ashe jan ruwan nan kuke sha kuna ɓoye mini? Har da 'yan tsutsotsi! Na zubar, na dirje su da toka, na cika muku da na randa. Baƙona ba ya shan wannan a gidana."

Dariya ta taso mini, na danne ta da ƙyar, don na ga fuskar abokina. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Wahalar makonni ce ta bi ƙasa, kuma babu halin sake ta kafin safiya.

Iya ta ɗauki kwalba guda ta miƙa masa, ta tsaya tana jira. Ya dubi kwalbar, ya dubi tsohuwar, ya kafa kai ya shanye tas.

"Akwai sanyi, Iya. Allah ya saka da alheri."

Ta koma ciki tana murna. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "In ka gaya mata, kogi zan jefa ka." Nan fa muka zube a zaure muna dariya har da hawaye, nasa sun fi nawa yawa.

Injiniya bai sa hannu ba. Damina ta zagayo aka sake turo abokina shi kaɗai, aka tambaye shi inda yake so a sauke shi, ya ce gidan Iya.