Rabbin da na tsayar da ƙafafunta

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, da kaka, ina dukanci a unguwar Jega Magaji. Abin da zan gaya muku, wallahi a hannuna ya faru, ba ji na yi ba.

Ban da takalma da kube, na iya wani aiki da ba kowa ya iya ba: in jeme fatar dabba da bagaruwa da gishiri, in yi mata ƙashi da waya, in cusa audugar rimi, in goge gindin kwalba in yi mata ido, har ta koma kamar mai rai. Awon kowace dabba ina rubuta shi da ajami, don kada wuya ya fi nasa tsawo.

Wata Juma'a Baba Noma, tsohon maharbi daga Karaye ta ƙasar Maiyama, ya kawo mini fatar rabbi, wato kyanwar dajin nan mai dogayen ƙafafu da ɗigo-ɗigo. Wani Alhaji mai fataucin albasa a Aliero ne yake so don ɗakin baƙinsa.

Baba Noma ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kwance za ka yi ta, ido ruhe. Bakin ruwa ni halbe ta, ta duƙa ba ta kai ga sha ba. Mu ba mu yin haka, kuskure niy yi. Bar ta ta yi kwana."

Na ce, "Baba, na ɗauka."

To, son a yaba ya ci ni. Fatar nan ba ta da ɓaraka ko ɗaya, na ga asara ce a kwantar da ita. Na tsayar da ita, kunnuwa a miƙe, ƙafa ɗaya a ɗage, na sa mata ido. Da Alhajin ya zo ɗauka sai da ya ja da baya ya ce, "Kai, Malam! Ka tabbata ta mutu?"

Bayan kwana tara ya aiko a kira ni. Da azahar na isa Aliero, rana tsaka, ya nuna mini ita ba tare da ya shiga ɗakin ba. Kan da na ɗaure da waya yana kallon ƙofa, ya sunkuya ƙasa, kamar mai neman sha. Na taɓa bakin. A jiƙe yake sharkaf, har gashin bakin na ɗiga. La'ilaha illallahu! Ɗakin siminti, ba randa, ba yoyo. Alhajin ya ce kullum suna gogewa, kullum yana dawowa, kuma awakin gidan sun daina shigowa tsakar gida.

Ina nan tsaye wani direba ɗan Maiyama da ya zo lodin albasa ya ce, "Ba Baba Noma ya halbo wagga ba? Ai yana can kwance. Ƙishirwa ta kama shi, ya sha tulu guda ya ce a ƙaro, leɓɓanshi duk sun tsage."

Na roƙi Alhajin ya ba ni ita, ya ce in kwashe tun bai ƙone ta ba. Na bi direban zuwa Karaye.

Na tarar da tsohon ya rame, muryarsa ba ta fita sosai. Ya dubi buhun da na riƙo ya ce, "Tsaye kay yi ta."

Na ce, "Tsaye, Baba. Na ci amanarka."

A gabansa na yi bisimilla na warware ɗinkin, aikin da ban taɓa yin kamarsa ba. Da na tura hannu in zaro audugar, wallahi tallahi da ɗumi na ji ta, irin ɗumin cikin akuyar da aka yanka yanzu. Na cire idanun, na naɗe fatar, ƙanensa ya kai mu fadamar da aka harbe ta, na tsoma bakin a ruwa, sannan muka binne.

Kafin magariba Baba Noma ya sha rabin moɗa ya ture, ya ce ya ƙoshi. Na durƙusa na nemi gafara. Ya dube ni ya ce, "Tashi, ɗana. Ni da kai babu sauran komi."

Har yau ban san me na taɓa ba ran nan, Allah ne masani. Ku dai, in mai abu ya ce ga yadda za a yi masa, ku yi masa hakan, ko da hannunku ya fi haka iyawa.